Ƙarnin Ƙwai

Baba Kuku ya yi rayuwarsa a gaban kasko ɗaya, a kicin ɗin wani otal da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Aikinsa ƙwan karin kumallo, kuma in dai ƙwai ne, kada ma ka ja da shi. Masu kai abinci sukan leƙo ta 'yar taga su jefo masa oda da sunayen da shi ya raɗa. "Mai ido" shi ne soyayyen da ba a juyawa, gwaiduwar na kallonka. "Dagargaje" wanda ake kaɗawa a yi ta motsawa a kan wuta kaɗan. "Ɗan wanka" kuwa a cikin tafasasshen ruwa ake fasa shi, ba mai ko ɗigo. Ga wainar ƙwai da albasa, ga dafaffe, ga rabin dahuwa da ake sha da cokali. Baƙo zai yi shekara bai zo ba, amma Baba na hango ƙeyarsa zai ce, "Wancan mai ido ne, ban da gishiri."

A gida fa? Ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba. Ya fita da sassafe, ya dawo a gajiye, ya miƙe ƙafa, matarsa ta ajiye masa abinci. "Wanda ya wuni a bakin wuta ai ya gama nasa," in ji shi. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya hana komai, sai dai ba ya tambaya.

Bai daɗe da yin ritaya ba matar ta faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti sai ta daina cin abinci, kullum tana ƙara zubewa. Likita ya ce a lallaɓa ta da abu mai laushi, wanda ranta ke so, in ba haka ba jikin ba zai riƙe ba.

Nan Baba ya naɗe hannun riga. Yau ga ranarsa! Ya yi mata rabin dahuwa, ta kau da kai. Washegari ya yi dagargaje da madara, mai laushi kamar auduga, ta damƙe baki. Ya yi ɗan wanka, ya yi waina siririya. Da ya matso da farantin sai ta rufe ido, hawaye na bin gefen kuncinta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya fara tunanin ko wani laifi ya yi mata.

Ana haka yayar matar ta iso daga garinsu. Tun daga ƙofa ta toshe hanci.

"Baban yara, me kake ba ta?"

"Ƙwai, Yaya. Babu irin da ban gwada ba."

Ta ajiye jakarta, ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙwai? Yarinyar da tun tana tatata ƙarninsa ke sa ta amai? In ta gama wanke maka fararen kayan aikin nan, bayan gida take zagawa ta amayar."

"Amma ranar da na fara zuwa gidanku na kawo mata dafaffe, ta cinye a gabana."

"Kunya ce, da so. Kana fita ta yi ta kakari, ni na riƙe mata kai. Na ce ta gaya maka, ta ce sana'ar mijinta ce, ba za ta sa ka ji kunyar hannunka ba."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Ya ji kunya, ya ji haushin kansa. Ya san bakin mutanen da ko sunansa ba su sani ba, ga ta nan kuwa, sun haifi 'ya'ya sun aurar, bai san nata ba.

Yaya ta buɗe tagogi, ta dafa shinkafa ta yi luguf, ta zuba ɗan romon kaza. Shi kuwa ya tsaya a bakin famfo yana dirje hannuwansa da sabulu da lemon tsami, yana shinshinawa yana sake dirjewa.

"Yaya, don Allah bari ni in ba ta."

Ta miƙa masa kwanon. Ya zauna a bakin gado, ya ɗebo a cokali. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta buɗe baki. Ta ɗan ci, ba da yawa ba.

Kafin watan ya ƙare ta rasu. Wannan 'yar shinkafar ce kaɗai abin da ta taɓa karɓa daga hannunsa tana so, kuma ba shi ya dafa ba.