Littattafan Naɗe Ƙosan Kaka

Har yau, in aka miƙo mini ƙosai a naɗe cikin takarda, sai na buɗe ta na karanta kafin in ci. Abokan aikina suna yi mini dariya, ba su san a nan na fara karatu ba.

A Kakuri na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Tana soya ƙosai kusa da ƙofar masaƙa, inda ma'aikata ke tsayawa da safe. Wani dattijo ne yake kawo mata tsofaffin littattafai cikin buhu don naɗe ƙosan. Kaka ba ta iya karatu ba, amma tana da doka guda: ba a yaga littafi sai an tabbatar babu maganar Allah a ciki. Tun ina aji huɗu na firamare, aikin dubawar ya zama nawa.

Kowace Asabar sai ta zazzage buhun a tabarma, in karanta, in fassara mata da Hausa. Littafin noma ta saurara ta ce marubucin bai taɓa riƙe fartanya ba. Na soyayya kuwa tsaki ta yi ta ja, amma ba ta ce in tsaya ba. Na lissafi, ni da kaina na miƙa mata shi da murna don ta yaga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littafin taurari, har na yi mako guda ina tambayar kowa me ya riƙe duniya.

Wata damina sai ga labarin wani ɗan sanda mai binciken kisan wani attajiri. Shafi goma na karanta, na ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Sai na ce, “Kaka, wannan na Allah ne.” Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe shi a sabon ɗankwali, ta sa cikin akwatinta tare da kayanta na zumuntar matan coci. A ɓoye na karance shi, ina jin kunya, amma ban fasa ba.

Bayan shekara shida ciwo ya kwantar da ita. Ta ce in ɗauko littafin in karanta mata. Na buɗe, na fara jero addu'ar da na haddace a coci. Ta bar ni na kai aya.

“Amin,” ta ce. “To, 'yar boko, yanzu karanta abin da ke ciki. Tun ranar na ga hoton mai bindiga a bangon littafin.”

Kullum da yamma muna yin babi ɗaya. A babi na huɗu ta ce direban gidan ne ya yi kisan, ta tambaye ni ko ta canka. Na ƙi faɗa, wai kada in ɓata mata daɗin labari. Saura babi biyu ta rasu.

Yanzu ina zaune a Narayi, masaƙar ta daɗe da rufewa, 'ya'yana kuma a waya suke karatu. In suka tambaye ni ƙarshen labari, nan take nake gaya musu, don abin yana damuna har yau. Direban ne, Kaka.