Da Ni Zai Ci

A gidan mijina, can ƙauyenmu na wajen Malumfashi, ba a raba wa yara kwano. Faranti ɗaya ake cikawa da tuwon masara a dire tsakar gida, 'ya'yana da na yayyen mijina su kewaye shi. Inna, uwar mijina, ita ta kafe a kan haka, wai yaran da suka ci tare ba sa rabuwa.

Autana lokacin bai daɗe da yaye ba. Kafin ya gutsuri loma ya hura, manyan sun share farantin, har miyar sun suɗe. Kakar waken suya ce, muna sussuka tun safe, in na tashi bayana kamar zai tsinke. In na hango shi cikin yara hannu dumu-dumu da miya, sai in ce ai ya ci.

Sai ya daina wasa. Gashinsa ya yi ja, kukan ma ba ƙarfi. Na goya shi zuwa asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar ta auna damtsensa ta dube ni.

"Maman yaro, me yake ci a yini, kuma yaya yawansa?"

Wallahi ban sani ba. Ta ce cikinsa ƙarami ne, bayan abincin safe da rana da dare a riƙa ba shi wani abu a tsakani: kunu da garin gyaɗa ko waken suya, ƙwai, zogale, ɗan manja, gwanda in ta samu. "Kuma a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna ki ga abin da ya shiga."

Waken suya dai ga shi buhu-buhu a zaure, yana jiran motar kasuwar Funtua. Kwanon ne aiki.

Ina zuba masa daban Inna ta taso. "Ke 'yar nan, a gidan nan za ki ware ɗanki? Shi ɗan gwal ne?"

Ko ƙarfin gardama ba ni da shi. Na ce, "Inna, na gaji. Taɓa hannunsa kawai."

Ta zagaye damtsensa da yatsu biyu, har da sauran wuri. Ta daɗe ba ta saki ba.

"Ba a raba kwano a gidan nan," in ji ta. "Kawo shi, da ni zai ci."

Haka aka yi ta yi har kaka ta wuce. Daga madafa ina kallonta tana tura ƙwan gabansa, tana taunar ƙarya don ya kwaikwaya. Ba ta kai loma bakinta sai ya kau da kai, shi kuwa nawar cinsa sai ta sa ka kuka.

Ran nan, wajen faɗuwar damina, ya ture hannunta ya wawuri lomar da ta gutsura. Inna ta ƙwala mini kira.

"Zo ki mai da shi cikin 'yan'uwansa, yanzu zai iya ƙwatar kansa. Ni kam na gaji da cin tuwo mai sanyi."