Yadda 'Yan Tarwaɗa Suka Fito da Malam

Da muna yara a Goronyo, in an sauke tuwo bayan magariba ba a kashe wutar murhu. Kakarmu Inna Tumba takan ja tabarmarta kusa, ta ƙara kara biyu, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai labari guda da ba ta fara shi da "ga ta nan". Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Wagga ba tatsuniya ta ba, da idona nig gani."

Labarin 'Yan Tarwaɗa ne, masu wasan ban dariyar nan da a lokacin ba bikin da ake yi daga Wurno har Rabah ba a nemo su ba. Mu kanmu in mun je tsaron albasa a fadama, tafiyarsu muke kwaikwayo. A wurinmu ba mutane ba ne kamar kowa. Jin cewa a ƙofar gidan kakanmu suka fara, duk ranar da ta faɗa sai in ƙara matsawa kusa da ita.

Ta ce da can su uku ne, kowa da sana'arsa. Ɗanjumma wanzami ne, wanda sai ya dakata da aska don wanda yake yi wa aski yana girgiza da dariya. Labbo mai jakuna ne, ba kukan dabbar da bai iya ba. Mamman kuwa masunci ne, in ya ji muryarka sau ɗaya ya ɗauke ta ke nan. Ba wanda ya taɓa tunanin haɗa su.

Sai aka gama madatsar ruwa, ruwa ya fara tahowa tsohon ƙauyenmu. Kowa ya kwashe ya koma tudu, ban da kakanmu Malam Sahabi. Malam dattijo ne mai kwarjini, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ce a zauren nan mahaifinsa ya karantar, ba zai bari a ce ruwa ya kore shi ba. Mai gari ya roƙe shi, 'ya'yansa suka yi kuka, ya ce su tafi abinsu. Ruwa ya ci masussuka, ya ci rijiya, ya zo gindin katanga. Inna ta ƙi tafiya ta bar shi, kuma ta san katangar laka ba ta jayayya da ruwa.

Ita ba ta iya yi masa musu. Amma ta tuna akwai mutum guda a duniya da yake da ikon gaya wa Malam kowace irin magana: Ɗanjumma wanzami, ɗan kawunsa, taubashinsa. Tsakanin taubasai ba a fushi, ko an yi ba mai shiga. Ta lulluɓa ta same shi a tudu.

Washegari da hantsi sai ga su uku cikin ruwa iya gwiwa. Ɗanjumma ya naɗa tarun Mamman a ka kamar rawani, ya liƙa gemun auduga, ya zauna bisa turmi daidai ƙofar zaure. Labbo da Mamman suka kwanta rub da ciki a ruwa, wai su kifaye ne da suka zo ɗaukar karatu. A nan Inna takan kumbura kumatu, ta sauya murya.

"Ke Tarwaɗa, mi ya hana ki zowa makaranta jiya?"

"Allah shi gafarta Malam, ai jiya ruwa bai iso zaure ba. Yau munka samu hanya."

"To ku zamna. Mutane sun gudu, ku na ɗalibaina har abada."

Ta ce Mamman ya yi tarin Malam, ya yi gyaran muryarsa, har ita ta waiwaya cikin gida. Mutanen da suka biyo su suna tsaye nesa, dariya na cinsu, tsoro na cinsu. Can sai Malam ya fito da sandarsa, idonsa jawur. Taubashi dai ba a kai shi ƙara, amma ana binsa da sanda.

Suka ruga. Sai dai gudun nasu na dabara ne. In Malam ya tsaya haki, Labbo ya yi kukan jaki, Ɗanjumma ya yi kamar ya faɗi, sandar ta kusa samunsa, ya miƙe. Haka suka ja shi, suna shan duka jefi-jefi, har ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa a tudu. Kafin ya juya, samari sun ɗauko littattafansa da buzunsa a ka, Inna na biye da su. Ba a daɗe ba zauren ya zube.

Daga wannan rana aka sa musu suna, aka fara kiransu buki. Masu wasa da yawa sun taso bayansu, kuma har yau in ka lura za ka ga ɗinkinsu a jikin kowa.

Ina yaro, dariyar kawai nake ji. Sai da na girma, na sha fama da dattijan da ake gaya wa gaskiya su ƙara kafewa, sannan abin ya ba ni mamaki sosai. Wanzami da mai jakuna da masunci sun gane abin da mai gari bai gane ba: Malam ya ga ruwan sarai, hanyar fita da mutuncinsa ce bai gani ba. Suka miƙa bayansu ga sanda don su buɗe masa ita. Har Allah ya karɓi ransa, in aka ce ruwa ya tashe su, sai ya haɗe rai ya ce, "Ku anka tasa. Ni marasa kunya nib biyo."