Jageshar Mahaucin Kabewa

A ƙauyen Tilbiga, kusa da Gaya, wani birnin ziyarar ibada can nesa a gabashin duniya, gidan su Jageshar ne ke riƙe da addar yanka tun kaka da kakanni. Adda ce ta gaske, sai ya yini yana wasa ta. Abin haushin, duk shekara in bikin Uwa, allahiyar garin, ya zo, kabewa ake ajiye masa a gaban gunkin. A shafa mata jan gari, a buga ganguna, shi kuma ya ɗaga adda ya raba ta biyu. Mutanen ƙetaren rafi, da tasu allahiyar ke shan jinin bunsuru, mahaucin kabewa suke kiransa, kuma abin yana ci masa rai.

Tun yana ƙarami yake tambayar me ya sa tasu Uwar ba ta son jini. Ubansa ya ce haka ya tarar. Malamin bautar garin ya ce yawan tambaya ciwon kai yake kawowa. Ko fuskar gunkin ba wanda ya taɓa gani, don jan gari da man shanu na shekaru aru-aru sun mayar da shi kamar curin yumɓu, sai sari, zanen matan ƙasar, da ake naɗa masa.

Da furfura ta rufe shi, ya sayi baƙin ɗan bunsuru, ya sanar a kasuwa cewa bana Uwa za ta sha jini. Wautar da ya yi, shi ya yi kiwon da kansa. Bunsurun ya riƙa bin sa gona yana tauna masa bakin rawani, har matarsa Fulmati ta ji ya raɗa masa suna Kalu. Biki na matsowa, Jageshar na ramewa. Ba ya son yankan, janyewa kuma abin kunya ne.

Sai damina ta kawo ambaliya. Ruwa ya zauna a ɗakin bauta, da ya janye, sai jan garin da ke jikin gunkin ya saɓule. Ashe Uwa namiji ce! Ga shi zaune ya tanƙwashe ƙafa, gashi a murɗe, kunnuwa dogaye, hannu ɗaya na taɓa ƙasa. Mata suka yi ta kuka, maza suka rasa inda za su sa ido.

Jageshar kam son sani ya hana shi zama. Ya tare hanya har ya sami wani baƙo mai askakken kai da mayafi ruwan goro, cikin masu ziyarar da ke nufar Gaya, ya jawo shi. Baƙon na ganin gunkin ya kai goshi ƙasa. Ya ce ai Buda ne, wanda ya yi yawo a wannan ƙasar yana hana a kashe mai rai da sunan bauta. Nan take malamin gari ya gyara murya ya ce da ma shi ya sani, Buda ɗaya ne daga siffofin allansu Bishnu, saboda haka ba abin da ya ɓaci.

"Baba, to mu da ko sunansa ba mu sani ba?" in ji Jageshar.

"Sunan kuka manta," in ji baƙon. "Maganarsa kuma ga ta nan kuna yankawa duk shekara."

Ranar biki Fulmati ta kwaɓa jan gari ta shafe fuskar gunkin tas, ta naɗa masa sabon sari. Da wata ta yi mata magana, sai ta ce wanda duk ya hana a yanka ɗan wani, a wajenta uwa ce.

Mutanen ƙetare sun cika fili don ganin jinin da aka yi musu alkawari. Jageshar ya ɗaga adda ya raba kabewa biyu. Suka sa dariya, wani ya ce sannu da aiki, mahauci. Shi kuwa ya durƙusa ya miƙa wa Kalu ɓari guda, yana sosa masa wuya yana hawaye, har bunsurun ya cinye.