Gangar Baba da Ranar Dubai

Kafin in fara aiki a gidan nan ban san akwai wata ƙasa wai ita Uruguay ba. Da matar gidan ta ce mini daga can suke, sai na gyaɗa kai kamar na taɓa cin kasuwar garinsu. Ma'aikaciyar jirgin sama ce, kwana uku a gida, kwana huɗu a sama. Ta ɗauke ni ne in kula da mahaifinta, tsoho mai ciwon zuciya, wanda ta kawo Dubai bayan rasuwar mahaifiyarta. Kullum da safe nakan taso daga unguwar Satwa, inda mu shida muke raba ɗaki ɗaya, in hau bas in je.

Baba nake ce masa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, baƙar fata ne kamar ni. Ya ce kakanninsa daga Afirka aka kwashe su a jiragen bayi. Turancinsa gurgu ne, nawa ma ba a cewa komai, amma da hannu da ido mun fahimci juna, har ya zama ya fi ni surutu.

Ba shi da hira sai ta manyan ƙasarsu. Yakan zauna da ɗan ƙoƙonsa na wani ganyen shayi mai ɗaci da suke zuƙa da bututun ƙarfe, ya buɗe wayarsa yana nuna mini hotuna. Ga wani mai zane da sai da ya manyanta ya duƙufa ga zanen raye-rayen baƙaƙen fata da ya gani yana yaro. Ga wani baƙin ɗan ƙwallo na zamanin da, wanda ya je Turai ya bar Turawa da baki buɗe. Ga shugaban ƙasarsu da ya ƙi zama a fadar gwamnati, ya ci gaba da kwana a gonarsa yana tuƙa tsohuwar motarsa. A nan ne na ce, “Baba, wannan kam ƙari ka yi.” Ya yi fushi na gaske, sai da ya sa 'yarsa ta rantse mini.

Wata rana na tambaye shi a cikinsu duka wa ya fi girma. Sai ya nuna kusurwar falo, inda wata doguwar ganga take tsaye, mai ciki kamar tulu, fatarta kafe da ƙananan kusoshi. Ya ce yayansa ne ya sassaƙa ta, yayan ne kuma ya ja fatar ya kafa ta da hannunsa. Ba a taɓa buga hotonsa a jarida ba, amma rabin gangunan unguwarsu aikinsa ne. Kiɗan ana ce masa kandombe. Ya ce ran Lahadi sukan fito kan titi, su hura wuta da tsofaffin jaridu, su jera gangunan kewaye da ita har fatar ta ɗame, sannan su rataya su bi unguwa suna kiɗa. Yayan ya daɗe da rasuwa. Gangar nan ita kaɗai ta rage masa daga hannunsa.

Tun da aka kawo ta Dubai ba ta yi magana ba. Fatar ta saki, in ya buga sai ka ji kamar an mari katifa. Wuta take so, kuma wa zai bar ka ka hura wuta a bene hawa na goma sha huɗu? Ya roƙi 'yarsa ta kai shi bayan gari, likita ya hana saboda zafi. Yakan ce yana so ya ji muryarta ko sau ɗaya ne kafin ya tafi. Nakan ce masa ya daina irin wannan maganar, amma ta zauna mini a rai.

Ni kuma ga ni da sanin tsiya. A garinmu, a zumuntar mata na coci, ni ce mai fitar da ganguna. Ba mu hura wuta. Da safe mukan jingina su a rana jikin bango, mu je mu yi shara mu goge kujeru, kafin a fara sujada sun ɗame. Na yi shekaru ina yin haka, ko ɗaya ba ta taɓa lalacewa a hannuna ba. Don haka wata rana a tsakiyar watan bakwai, da Baba ya kwanta bayan cin abincin rana, na ɗauki gangar na kai baranda, na juya fuskarta ga rana. Har murmushi nake yi ni kaɗai, ina hango fuskarsa in ya tashi. Na koma na yi wanke-wanke, na goge kaya, na auna masa magungunan yamma. Na manta cewa ranar Dubai ba irin ta garinmu ba ce.

Ina kicin na ji ƙarar. Ko da na fita, fatar ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan, bakinta ya nannaɗe. Katakon ma bai taɓuwa don zafi.

Na so in yi ƙarya, ba zan ɓoye ba. Amma ya riga ya fito, yana tsaye da sandarsa a bakin ƙofa. Na durƙusa ina kuka ina cewa, “Baba, ka yafe mini, so na yi ta yi maka magana.” Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna ya ɗora gangar a cinyarsa, ya bi kusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, “Wannan jerin a karkace yake. Idon yayana ya fara mutuwa lokacin.” Ranar bai ci abincin dare ba.

Ran hutuna na tafi unguwar Muraqqabat wurin wani Alhaji ɗan Kano mai aika kaya. Na zayyana masa komai. Ya ce, “Subhanallahi, 'yar'uwa, ganga a ranar Dubai? Ai ko takalmi ba a bari. To khalas, ya wuce. Akwai masu haɗa ganguna a can gida, zan sa a zaɓo miki fata mai kyau, yarona ya taho da ita. Sai dai shwaiya shwaiya, a hankali, sai wata mai zuwa inshallah.”

Da na gaya wa Baba, ya ce to, madalla. Daga nan kullum da la'asar sai ya sa in kawo masa gangar da sandar kiɗa. Ba fata, sai ya riƙa buga jikin katakon, bugu biyar, ya maimaita. Ya ce haka ake farawa a unguwarsu: kowa ya buga katako, ana kiran juna, sai an haɗu a kan bugu ɗaya sannan fatu su shigo. Ya koya mini, nakan amsa masa da cokali a kan tebur. In na kuskure ya harare ni, ya ce matan cocinmu sun yi haƙuri da ni.

Sati uku muka yi a haka. A na huɗu numfashinsa ya sarƙe aka kai shi asibiti, bai dawo ba. 'Yarsa ta tafi da gawarsa ƙasarsu, da gangar a cikin akwati. Har yau ba ta taɓa yi mini maganar fatar ba.

Bayan kwana tara Alhaji ya kira ni. “Yalla, 'yar'uwa, saƙonki ya iso. Ki ce wa tsohon ya shirya hannunsa.” Na kasa gaya masa ta waya. Na je na karɓa, na yi godiya. Fata ce mai kyau ƙwarai, ba tabo ko ɗaya. Tana nan nannaɗe a ƙarƙashin gadona a Satwa, kuma duk lokacin da na jawo akwatina sai na taɓa ta.