Doyar da Na Kai wa Jakada

A majalisarmu ta Limawa, Ambasada ake ce mini. Aji uku na yi a firamare aka koro ni, amma na shekara arba'in ina gyaran rediyo, kunnena ya sha labaran duniya. Duk ƙasar da aka ambata sai in gyara zama in faɗi abincinta da abokan gabarta. Rabi na ji, rabi gishirina ne.

To, ɗana na fari ya samu aiki a jirgin kamun kifi, ya sauka a wata ƙasa can bayan teku. Da aka tambaye ni a majalisa na ce ai ƙawarmu ce, tsakaninmu da su sai alheri. Wallahi ranar na fara jin sunanta.

A shekararsa ta huɗu uwarsa ta kwanta da ciwon ƙoda. Na ce ya taho. Ya ce, "Baba, fasfo ɗina ya ƙare, kuma ba mu da ofishin jakadanci a nan. Mai kula da mu yana wata ƙasar, ita kuma ba a shigarta sai da fasfo."

Na ce, "Bar mini. In namu ba ya can, ai nasu yana nan."

Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Maƙwabcina, wani Bagware manomi da muka tsufa muna tsokanar juna, ya zaɓo mini doya goma. Ya ce, "Ambasada, ka gaya masa wannan ta gaske ce, ba irin labarinka ba." Uwar yaron kuma daga kwance ta ce, "Malam, sa babbar rigar nan. Kuma kada ka cika shi da surutu."

Na wuni a Abuja ina bin ƙofofi da buhu a kafaɗa, rigar ta jiƙe sharkaf. Da la'asar wata ma'aikaciya a ma'aikatar harkokin waje ta ji tausayina ta ba ni kujera. Ta ce, "Baba, ba su da ofishi a nan. Jakadansu a wata ƙasa yake zaune, sai ta kama yake leƙo mu."

Na ce, "To, 'yata, me ke tsakaninmu da su?"

Ta ce, "An daɗe da sa hannu a takarda. Sai ɗan kifi da yakan zo."

Ni da na san zumunci a ƙafa yake, ga na takarda. Ta rubuta mini inda za a aika koke, ta ce zai ɗauki watanni.

Da na dawo, tun a Chanchaga, kafin a shiga gari, na sauka na bar wa wata mai suyar doya buhun, don kada a gan ni da shi a unguwa. Na shiga gida na ce wa uwar yaron na ga jakada, ya karɓi doya har da godiya, yaro na hanya. Kullum da safe sai ta tambaye ni wace irin riga ya sa, a wace kujera aka zaunar da ni. Ni kuwa ga gwani, in yi ta zubawa.

Kwana biyu kafin ta cika ta kama hannuna ta ce, "Malam, tun ina amarya nake jin ƙaryarka. Wannan ce kawai na so a ce gaskiya ce."

A waya yaron ya ga jana'izar. Maƙwabcin nan nawa ne ya riƙe masa ita daga bayan sahu.

Bayan wata huɗu da aika koken, takardar tafiyar yaron ta fito. Na kira shi na ce to, sai ka taho. Ya ce, "Baba, in zo in ga wa?"

A majalisa yanzu Malam suke ce mini. Babu wanda ya sake kira na da wancan suna.