Ta-Baya da Mujallar Tsohon Edita

Kafin a buɗe ƙofar ɗakin karatu, ta riga ta goge teburinta, ta jera mujallun ilmin kula da littattafai gefe da gefe. Kowa daga farko yake buɗe mujalla. Ita kuwa daga ƙarshe take farawa, inda marubuci ke ambaton waɗanda ya ɗebi ilmi a wurinsu, don ta gano wa ake ambata, wa aka manta. Shi ya sa abokan aikinta suke kiranta Ta-Baya. A wannan makon za ta ajiye aiki.

Ina zaune a ɗakin ranar da wani tsohon edita ya shigo da 'yar siririyar mujallarsa, wadda ya yanke shawarar daina bugawa.

"'Yata, na gaji," in ji shi. "An nuna mini irin ambaton da babbar mujallar nan take samu. Tawa ko ƙurarta ba ta hango ba. Wa nake yi wa wahala?"

"Baba, ana gwada nonon saniya ɗaya da na garke? Zauna ka sha ruwa."

"Ruwan ma aro ne, sai na dawo da shi?"

Ta shafe makonni tana bin mujallun biyu. Babbar tana buga maƙaloli jibgi, siririyar kuwa 'yan kaɗan, sai ta raba ambaton kowacce bisa yawan maƙalolinta. Jama'a, sai ga abin mamaki! Maƙala da maƙala, ta tsohon ce a gaba! Da ya dawo, ta nuna masa sakamakon, har da marubuta a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna kafa hujja da mujallarsa.

Ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa. "Ba dai tausayina kika ji ba?"

"Da mujallarka ta faɗi, Baba, da na gaya maka ido da ido."

Daga nan bai nufi gida ba, sai maɗaba'a!

Ta-Baya, ke ce ma'auni marar son kai. Ke kika hana a binne abin da yake da rai. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma da za ku gaji teburinta, ku auna da adalci kafin ku yanke wa aikin mutum hukunci. Shaida tana hannunmu: sabuwar fitowar mujallar ta iso jiya, har ana layin aronta!